Langa a Kan Randa

Shekarar da damina ta yi mana rowa, lokacin sojoji na kan mulki, muna haya a wani gida a Sabon Gari, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Gonar maigidana tana bayan Tibiri, gadon ubansa ce, kuma a shekarar ko karan da za a yi danga ba ta ba mu ba. Da ya ga zama ba zai yi ba, sai ya ɗaure 'yan kayansa ya bi ta daji ya tsallaka iyaka neman abin da za mu ci, don a lokacin an rufe hanya. Ya bar ni da yara huɗu da ragowar gero a gindin buhu, wani iri mai saurin nuna da suke shukawa tun zamanin kakansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Komi ya yi zahi, kada ki taɓa iri."

Faɗa da baki ba wuya. Shi ya tafi, ni aka bari da buhun a kusurwar ɗaki yana kallona ina kallonsa. Ga yara da ido, ga dangi daga ƙauye da ke sallama kullum, ga kuma maganar da ta cika gari cewa soja na neman masu ɓoye hatsi. Na san manyan alhazai masu rumbunan siminti ake nufi, ba irina ba. Amma a zamanin nan wa zai tsaya ya tambaya? Ana cewa ko a gidan suna ka yi magana, kafin ka kai gida ta riga ka isa bariki. Kowa ya zama abin tsoron kowa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na fi tsoron hannuna a kan soja.

Wata ranar Laraba da hantsi na kora yaran makarantar allo, har autan na ɗora wa yayarsa a baya. Na rufe ƙofa, na janye tabarma, na haƙa rami a tsakiyar ɗaki da guntun kalme. Na juye geron a wata ƙaramar randa da nake ajiyar ruwa, na gauraya shi da toka saboda ƙwari, na kife kasko a bakinta na liƙe da laka, na binne. Da na mayar da ƙasa na tsaya na duba, sai na ga da sauran aiki. Ɗakin daɓaɓɓe ne, sumul, ga kuma wani tabo a tsakiya, ko makaho ya taka ya san an yi tono.

Maganin abin shi ne daɓe, amma daɓe ba aikin ɓoye ba ne. Gayya ake yi, matan unguwa su zo da madaɓansu, a jiƙa makuba, a yi ta bugu ana waƙa har maƙwabtan maƙwabta su ji. Wace mace ce za ta kira daɓe a shekarar yunwa, miji ba ya gari, ba biki ba suna? Ko ni kaɗai na ɗauki madaɓi, bugu uku za a ji ta katanga a aiko tambaya.

Sanyi ne ya ba ni dabara. Ɗarin shekarar ya zo da wuri, kuma ya sami jikin da ba mai. Da safe yara sukan dunƙule a bakin murhu kamar 'yan tsaki, leɓe a fashe, hanci na zuba, rigunan kuwa duk sun zama raga. Na biyun ya fara tari. Sai na kafa doka: ba mai fita tsakar gida sai rana ta hau katanga, kuma ba mai zama wuri ɗaya a ɗaki. Wanda ke jin sanyi ya tashi ya yi langa.

Langa wasan dandali ne, na sani. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokinsa, wanda ya saki ƙafa ya faɗi. Ni na shigo da shi ɗaki. Na nannaɗe tabarma, na jingine kwanuka a bango, na zana da'ira da gawayi daidai kan tabon, na ce nan ne fili, wanda ya fita ya sha kaye. Kafin su fara nakan yayyafa ruwan makuba a wurin, in ce musu don kada ƙasa ta tashi. Idan mazan suka gaji, sai 'yar farina, wadda ba na kama sunanta, ta karɓa da gaɗa, tana tafi tana dirka ƙafa, autan na binta yana faɗuwa. Daga nan tsallen kwaɗo, daga nan a koma langa. Cikin mako guda tarin ya lafa, gumi na keto musu tun da sassafe, tabon kuma ya fara kwantawa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce ashe ni ma ina da kai.

Ban gaya wa yaran komai ba. Baki shi ke yanka wuya, bakin yaro kuwa ba shi da murfi. Har ita babbar, mai shekara tara da hankalin manya, na dube ta na ce a'a. Tana zuwa famfo, tana da ƙawaye, ƙawayen suna da iyaye.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke kallon namu, muna ce mata Iya. Ɗanta jandarma ne, wato ɗan sandan soja, yakan zo duba ta da kakinsa. Tun da muka tare a gidan take zuwa ɗibar wuta a murhuna kowace safiya, ban taɓa kawo komai a raina ba. Amma da aka fara langa sai na lura ta daina tsayawa a rumfa. Takan matso bakin ƙofa da kaskon wutarta, ta jingina, ta yi ta kallon yaran. Ba fuskokinsu take kallo ba, ƙafafunsu take bi da ido. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Kwana biyu sai ga jikokinta biyu, wai ta ce su zo su ma su ji ɗumi. Na karɓe su don ba yadda zan yi, ƙarin ƙafafu ma riba ce, amma ina lura da duk inda idonsu ya sauka. Ɗaya ya tambaye ni me ya sa da'irar ba ta matsawa. Na ce masa uwarka ce ta zana ta. Na ji kunyar maganar, amma ban nuna ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsalle yana cin abinci. Abin da muke samu kunun jar dawar taimako ne, sai ganyen kabeji da matan Jiratawa ke kawowa kasuwa, wanda ake ɓarewa a zubar, mu tsinto mu dafa da gishiri. Yaro ya yi langa a kan wannan, kafin azahar cikinsa na kuka. Wata safiya na biyun ya saki ƙafa ya zauna a tsakiyar da'ira ya ce jiri yake ji. Na daka masa tsawa na ce ya tashi, ragon banza. Ya tashi. Yana tsalle ƙafarsa na rawa, ga hatsi a ƙarƙashinsa bai fi kamu uku ba. Wannan safiyar har yau ba ta bar ni ba, kuma ban yafe wa kaina ita ba.

Ranar ce Iya ta yi magana. Ta ga ina yayyafi, ta ajiye kaskonta, ta rage murya.

"Ɗiyata, wanga ruwa da kike ba ɗakin ga, bai yi yawa ba? Ƙasa tana sha hwa, kuma abin da ta sha ƙasa take kai shi."

Zuciya ta taso mini. Na ce biri ya yi kama da mutum, bugun ciki ta zo yi.

"Iya, wuta kinka zo ɗiba ko awon ɗaki?"

Ta dube ni ta daɗe. Ta ɗauki kaskonta ta tafi, daga ranar kuma ta koma ɗibar wuta a wani gida. Jikokin ma ba su sake zuwa ba.

Bayan kwana uku ɗanta ya zo. Na ji takun takalminsa ya wuce ƙofar uwarsa ya nufo tamu. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya cika ta fal, yana kallon yaran yana murmushi. Ya gaishe ni, ya ce su ma sun yi langa suna yara, shi ne sarkin unguwarsu. Har ya nuna wa babban namijin yadda ake sa kafaɗa. Ni dai ina amsa masa da to, to, ina yi wa yaran ido su ci gaba, su tsaya a kan da'ira. Ya yi sallama ya tafi. Na yi mako ina jiran motar soja, ba ta zo ba. Ko uwarsa ce ta turo shi, ko hayaniyar yara ce ta jawo shi, har gobe ban sani ba. Abin da na yi kawai shi ne na ƙara ruwa, na ƙara lokacin wasa, har wurin ya yi ƙarfi ya saje da sauran ɗakin.

Sanyi ya wuce, langa ta koma waje, bazara ta gasa mu. Maigida ya dawo ana saura kaɗan ruwa ya sauka, ya rame, da ɗan garin rogo a buhu. Bayan ya sha ruwa, abin da ya fara tambaya iri ne. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na rufe ƙofa da rana tsaka, na miƙa masa kalme ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa. Yaran suka jeru a jikin bango suna mamakin ubansu na fasa ɗaki.

Sai da ya yi gumi kafin daɓen ya fashe, don ya daɓu iyakar daɓuwa. Wari ne ya fara fitowa. Kaskon ya rabe biyu ya rufta ciki, randar ta tsage daga wuya har ciki. Dirin ƙafafu ya fasa ta, ruwan makuba ya bi tsagar safiya bayan safiya. Geron ya tsira a cikin duhu, ya ruɓe, ya dunƙule ya zama baƙin curi mai farar funfuna. Maigida ya sa hannu ya ɗebo, ya murza, ya duba ko akwai ƙwaya mai rai, ya sake ɗebowa daga can ƙasa. Sannan ya goge hannunsa a wando ya zauna a bakin ramin. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba wanda ya yi motsi sai 'yar farina. Ta matso ta leƙa ramin, ta dubi inda da'irar take a da, ta ɗago ta dube ni. Ba da fushi ta yi maganar ba.

"Inna, da kin hwaɗa muna hatsi na, da mun taka sannu."