Rumfar Yaya Habu da Muka Raba Uku

Kakar bana shekara biyar ke nan da rasuwar wana, Malam Habu, mai koyarwa a lakol ɗin Gangara. Allah ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma wallahi kwanan nan gabana faɗuwa yake, kuma da hannuna a cikin dalilin.

Yaya Habu yana cikin masu aikin manhajar kyauta, irin wadda kowa ke da damar ɗauka ya gyara. Shi da abokansa na Maraɗi da Katsina suna juya ta zuwa Hausa. Da suka gaji da zaman haya a dandalin manyan kamfanoni, sai ya samo tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, ya aza pano mai kama hasken rana bisa rufin ɗakinsa, ya haɗa batiri, ya kafa musu nasu dandalin gajerun saƙonni. Ya sa masa suna Rumfa. Ni dariya na yi masa. Ya ce, “Yi dariyarka, Sani. Tamu ce, mu za mu riƙa share ta.”

Kafin shekara ta zagayo, manoma da makiyaya sun cika ta, wanda bai iya rubutu ba ya aika murya. Doka ɗaya ya kafa. In ka ce shanu sun shiga gona, ko an noma burtali, sai ka faɗi wanda ya gani da idonsa. “Wa ya gani?” In babu amsa, ya sauke saƙon, ya hau babur ya je ya duba da kansa. Kaka uku aka yi a yankinmu ba a ɗaga sanda ba kafin sakin gonaki.

Bai bar ɗa ba. Ranar rabon gado malamin da aka kira ya shiga ɗakin ya ga abu uku, sai ya raba su uku: pano na matarsa Hajara, ordinater ta Inna, batiri nawa. Malamin ba shi da laifi, ba wanda ya gaya masa abu ɗaya ne. Ni na sani. Na yi gum, don ina kwaɗayin batirin a shagona na cajin waya. Ni na zare igiyar da hannuna. Abokansa na Maraɗi suka yi ta kira, suna roƙon a ba su injin ko da aro ne. Na ce musu an riga an raba.

Inna ta naɗe ordinater a zanen da ta fi so, ta aza bisa kwanoninta. Hajara ta yi aure a Gidan Sori, panon ya bi ta. Batirin ko shekara biyu bai yi mini ba ya mutu.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Sati guda ke nan wata murya na yawo a wayoyi, wai shanun Arɗo Juli sun cinye waken wani wajen Gazawa. Ba sunan mai magana, ba sunan mai gona. Kullum aka tura, ɓarnar sai ta ƙara faɗi. Arɗon nan, da shi muka ɗauki makarar Yaya. Shekaranjiya ya zo shagona, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, “Sani, injin Malam ba ya tashi kuma?” Na kasa kallon idonsa. A bakinsa na ji ya kwashe mata da yara daga ruga.

Ranar kasuwa mutane suka cika shagon, kowa na kunna muryar nan. Abin ya ishe ni, na ce, “To, wa ya gani?” Wani da muka tashi tare ya zare wayarsa daga caji, ya ce, “Kai Sani, da wa kake?” Ran nan mai sayar da sandunan gora tun kafin azahar ya naɗe tabarmarsa, kaya sun ƙare.

In an auna, abin da ya rage na Yaya Habu ke nan: inji a cikin zane, da tambaya ɗaya wadda yau yin ta ya zama laifi. Saura kwanaki kaɗan a saki gonaki. Na ari babur, gobe da safe zan je in duba gonar kamar yadda yake yi. Na tambayi duk wanda ya kunna muryar a shagona, har yanzu ba wanda ya iya gaya mini gonar wa ce.