Halwar Kakanmu da Zazzaɓin 'Yata

Goggo ta zalunce ni, kuma har ta koma ga Allah ba ta ce in yi haƙuri ba. Ƙanwar mahaifina ce, kuma uwar mijina, don auren zumunci aka yi mana a unguwar Rumde.

'Yata ta fari tana da wani zazzaɓi mai zuwa kusan duk wata. Jiki ya ɗau zafi, ciki ya murɗa, gwiwa ta kumbura, bayan kwana biyu zuwa uku ta miƙe tana tsalle kamar ba ita ba. Duk sanda ya zo, sai Goggo ta tambayi abin da na dafa jiya, ta haramta shi a gidan. Kifin Binuwai ya tafi. Kuɓewa ta bi shi. Wake, mangwaro, har man shanu. Mijina ya rame kamar kara. Da abin hanawa ya ƙare, sai ta ce ajin yaƙi da jahilcin da nake zuwa ne, wai ina kwaso iskar boko a mayafina. Aka hana ni zuwa, ina gab da iya rubuta sunana.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas aka kawo wani likita Bamisire. Na kai yarinyar, Goggo na biye da mu, kada in yi ƙarya. Ya duba jini, ya ce zazzaɓin ba na sauro ba ne. Da ya ji auren zumunci muka yi, da guntuwar Hausarsa ya tambaya ko akwai mai irinsa a dangi.

"Allah ya kiyaye!" in ji Goggo. "Babanmu jinin Larabawa ne. Tun da ya taso daga Borno bai taɓa kwanciya ba, sai dai halwa."

"Wace irin halwa, Hajiya?"

"Duk wata yakan rufe ɗaki, yana rawar jiki, yana riƙe ciki, yana nishi. Tsoron Allah ke nan."

Likita ya ce ai shi ne. A ƙasarsu sun san ciwon, gado ne, kuma akwai ƙwayar da ke rage shi.

Goggo ta nuna ni da haɓa. "Ta wajenta ya zo ko?"

"Ta wajen uwa da uba, Hajiya. Ai kakansu ɗaya."

"To kifin fa?" in ji Goggo.

"Ku ci kifinku."

A hanya ba ta kula ni ba, sai gunaguni take, wai waliyyi dai waliyyi ne.

Washegari na soya kifi har ƙamshi ya kai maƙwabta, na aika wa Goggo kan, na ɗauki littafina da fensir na koma aji.