Kalar cikin jirgin

Shekarun baya, lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Garwa, abokina direban babbar mota ya kawo min tsaraba daga Ngawundere. Wani kwali ne ɗan madaidaici da ya tsinta a cikin kayan gwanjon da jirgin ƙasa ke saukewa, an zana jirgin yaƙi a bayansa. Ya ce shi ya ɗauka haɗaɗɗen jirgin wasa ne, da ya buɗe ya ga tarkacen roba sai ya ce wannan wahalar sai malamin lissafi.

Na karɓa ina dariya, ban san abin zai shiga raina haka ba. A cikin kwalin akwai guntayen roba manne da juna, da 'yan kwalaben fenti, da takardar bayani wadda ruwa ya taɓa, shafinta na ƙarshe ma ya yage. Da reza nake yanko kowane guntu, in goge bakinsa da abin goge farcen matata, wanda har yau ba ta san ni na ƙarar da shi ba. Na liƙe yatsuna da gam ya fi a ƙirga. Na taɓa manna fiffike ɗaya a kife, sai washegari na lura, na yini ina ɓamɓare shi ina zufa kamar mai yi wa mutum tiyata.

Fentin ne ya fi ba ni wuya. Wanda ya san zafin Garwa zai gane, kafin ka kai burushi jikin roba fentin ya fara bushewa a bakinsa. Wani mai rubuta allunan shaguna a unguwarmu ne ya sayar min da ƙaramin burushi, ya kuma koya min in riƙa tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, in shafa sau uku maimakon in lafta sau ɗaya. Na rage gashin burushin da almakashi har ya koma kamar gashin ido. Bayan jirgin na yi masa dabbare-dabbare na ruwan ƙasa da kore kamar yadda yake a hoton kwalin. Cikinsa kuwa hoton bai nuna ba, kuma shafin da ya yage shi ne na kaloli, don haka na shafe shi da ruwan ƙasa, na ce ai wa zai duba.

Lokacin matata na da tsohon ciki, na fari. Warin gam na tayar mata da zuciya, sai ta kore ni da kayana zuwa zaure. Takan ce ita da cikinta ni da nawa, za a ga wanda zai riga sauka. Ita ta riga ni. Ta haifi 'ya mace, surukata kuma ta taso daga Kusiri don ta kula da jego.

Tsakanina da surukata gaisuwa ce kawai, ita ma daga nesa, kaina a sunkuye. Mace ce mai tsananin kunya da ƙarancin magana. Abin da na sani game da ita bai wuce cewa mijinta ɗan kasuwa ne, sun taɓa zama a Cadi, ya rasu matata na ƙarama ba.

Kwana uku da haihuwa, bayan la'asar, ina zaure ina duba aikin ƙarshe. Na miƙe tsaye na ɗaga jirgin sama da kaina, ina juya shi a hasken ƙofa don in ga ko burushi ya bar layi a cikinsa. Daidai nan surukata ta shigo daga waje da damin ganyen darbejiya na ruwan wanka. Ta yi sallama, ta ɗago kai, sai damin ya suɓuce daga hannunta.

Na yi sauri na sauke hannu na durƙusa ina gaishe ta. Ta jingina da bango, ta zame a hankali har ta zauna a ƙasa, a zauren da ba ta taɓa tsayawa ba in ina ciki. Na ɗauka jiri ne, na ce bari in kawo ruwa. Ta girgiza kai, ta miƙo hannu. Na ɗan jima kafin na gane jirgin take so. Na ba ta, ta kifa shi a tafin hannunta ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "cikinsa ba wannan kalar ba ne."

Na ce, "Na'am, Inna?"

"Shuɗi ne mai haske, kalar sama. Shi ya sa ba ka ganinsa sai ya zo kanka."

Wannan baiwar Allah ko boko ba ta yi ba, ban taɓa jin ta yi zancen abin da ya wuce girki da ibada ba, ga ta tana gyara min fentin jirgin yaƙi. Sai na yi tambayar wauta, na ce a ina ta gani.

Ta ce daga ƙasa.

Matata ta ji faɗuwar ganyen da shirun da ya biyo baya, ta lallaɓo ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida. Surukata ta gan ta, amma ba ta fasa ba. Ta ba da labarin da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, idonta a kan jirgin. Ta ce suna zaune a wani gari can arewacin Cadi, mijinta na fataucin dabino, yaƙi ya same su. Wata safiya ta fita ɗebo ruwa, matata na goye a bayanta tana 'yar wata biyar, yayarta kuma mai shekara shida tana riƙe da gefen zaninta.

Matata ta ce, "Yayar wa, Inna?"

Ta ce, "Yayarki."

Ta ci gaba. Ta ce sun ji ƙara amma ba su ga komai ba, sai yarinyar ta saki zanin ta ruga fili don ta hango abin da ke ƙarar. Ita ta ɗaga kai tana kiranta, sai ga jirgin ya ratso ƙasa-ƙasa, har tana ganin layukan cikinsa. Abin da ta sani bayan nan shi ne ta farka a kife, ƙasa cike da bakinta, goyon na tsala kuka a bayanta. Maza ne suka hana ta zuwa wurin da yarinyar take. A ranar aka rufe ta, kashegari suka bi wata motar kaya suka gudo. Mijinta ya ce kada a ƙara tayar da zancen a gidansa, ita kuma ta riƙe masa wannan har bayan ransa.

Ni dai ina durƙushe kamar an dasa ni. Matata ta yi shekara ashirin da wani abu tana zaton ita ce 'yar fari. A tsaye a wurin ta ce dama tun tana yarinya tana mamakin yadda Inna ke kiran sunanta gatsal a gaban mutane, alhali ƙawayenta 'yan fari iyayensu mata ba sa kama sunansu. Sai a nan surukata ta rufe fuska da mayafi.

Kunya da tsoro suka rufe ni. Na ce ta yafe min, zan farfasa shi yanzu in zuba a shara. Ta ce roba ce, ba ta yi mata komai ba, kuma ta ga wahalar da na sha a kansa. Ta ajiye shi a kan tabarma a hankali, ta tattara ganyenta ta shige, ta hura wutar ruwan wanka kamar kullum.

Washegari matata ta tambaye ta sunan yarinyar. Inna ta ce mata ta je ta tambayi kawunta. Ko bayan mutuwa, bakinta ya kasa kama sunan 'yarta ta fari. Muka kira kawun a waya, ya faɗa mana. Ni kuwa na riga na yi wa mahaifiyata alkawarin takwara, sai na je na zayyana mata komai. Ta ce in ban sa wa jaririyar wancan sunan ba ita ba ta yafe ba, nata ya jira ta gaba. Ranar suna da aka sanar a tsakar gida, surukata ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ba ta fito ba sai da azahar. Har ta koma ga Allah da laƙabi take kiran jikarta, kuma ba mu sake yin zancen ba.

Jirgin na mayar da shi kwalinsa, ban gyara kalar ba, ban kuma iya jefar da shi ba. Daga baya na haɗa wasu, motoci da jiragen ruwa, amma na yaƙi ban sake ba. Ba wai na ɗauke shi laifi ba ne, ina da abokai masu yi kuma ina yaba aikinsu. Hannuna ne kawai ya ƙi.

Abin da har yau yake girgiza ni shi ne, makonni na yi da wannan jirgi ina lissafin fikafikansa da bama-baman da na manna masa ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin yadda suka zauna daidai, ko sau ɗaya ban yi tunanin inda suke faɗawa ba. Kuma shekara biyu ina gaida wannan mata kaina a ƙasa, ina ganin na san ta. Yanzu in na ga tsohuwa mai yawan shiru a gidan biki, zaune a gefe tana jan carbi, ba na cewa ba ta da labari. Nakan je in durƙusa in gaishe ta da kyau, in ɗan daɗe kafin in tashi.