Dutsen da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Famau

Duk wanda ya yi zaman bakin teku tsakanin Lamu da Malindi ya san Famau Lali, ko da bai riƙe sunansa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ido kullum a kanne. Tafiyarsa a tudu abin dariya ce, ƙafafu a wawware, yana tangaɗi sai ka ce ƙasar ce ke motsi. Amma ka sa shi a bayan jahazi, babban jirginmu na katako mai tafiya da iska, ka miƙa masa sandar juya jirgi, to a nan za ka ga mutum. Nahoza muke ce masa, haka ake kiran matuƙi a wurinmu. Ni kuwa Kombo, ni ne mai dafa wa 'yan jirgin abinci tun gashin kaina yana baƙi har ya zube, kuma Famau ƙanwata yake aure, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Kowane jahazi yana da duwatsun nauyi a cikinsa, don kada iska ta kifar da shi in ba kaya. Namu ma yana da su, baƙaƙe masu santsi, suna can ƙasa cikin ruwan wari, ba mai kallonsu. Sai guda ɗaya da ba ya sauka ƙasa. Farin dutsen teku ne, sassaƙaƙƙe, da ɗan zane a gefe ɗaya kamar tufkar igiya. Yana ajiye a inda matuƙi ke tsayawa. A kansa Lali, uban Famau, ya riƙa dogara ƙafar dama in yana kokawa da sandar, a kansa kuma Famau ya dogara tasa. Diddigen mutum biyun nan ya ci dutsen har ya yi ɗan kwarmi. Ni dai a wurina dutse ne da nake tuntuɓe da shi in na kawo gahawa, na zage shi ya fi a ƙirga.

Da ciwon Inna Somoe, mahaifiyar Famau, ya yi tsanani, ta sa aka kira shi. Ina wurin, don ni na kai mata romon kifi.

Ta ce, "Famau, dutsen nan na ubanka."

Ya ce, "Wane dutse, Inna?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Farin. A kangon garin Magofu ya ciro shi yana saurayi, a jikin ginin mutane. Ban ce da mugun nufi ya yi ba, amma ba namu ba ne. Ga ni zan tafi, ba na so in je can in haɗu da mai shi, in rasa inda zan sa fuskata. Ka mayar da shi gurbinsa. Gurbinsa na ce, ba ka jefar a daji ba."

Ya tambaye ta ina ne gurbin. Ta ce ai ubansa ya faɗa mata sarai: a jikin bango, gefen wata ƙofa, kusa da rijiya, ƙarƙashin wata babbar kuka. Famau ya ce in dai wannan ne, ta ɗauka an gama. Ni ma na gyaɗa kai, kamar wani wanda ya taɓa zuwa. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa.

Da iskar arewa ta buɗe muka ɗauko itacen rufin ɗaki za mu kai kudu. Famau ya karkata da mu cikin wata 'yar tashar masunta, wadda sai teku ta cika ake shiga, sai ta cika kuma ake fita. Daga nan Magofu tana can ciki, tafiyar hantsi. Sauran ma'aikatan jirgin suka ce su ba inda za su, kowa ya san tsohon garin nan ba kowa a cikinsa kuma ba a rasa kowa. Famau ya dube ni.

Na ce, "Kada ka dube ni, Nahoza. Ni da tukunya aka ɗauke ni aiki."

Ya ce, "In ka ƙi, zan gaya wa ƙanwarka."

Muka ari jakin wani mai gishiri. Jakin ya yi tafiya kaɗan, ya shinshina dutsen, ya durƙusa a tsakiyar hanya, ko a jikinsa. Na ce wa Famau ko dabba ta fi mu hankali. Haka muka naɗe dutsen a buhu, muka rataya a gora, ya ɗauki gaba na ɗauki baya. Da yake na fi shi tsawo, sai nauyin ya riƙa zamewa wajensa, yana ta mita wai da gangan nake yi.

Mun iske bukkar mai gadi a rufe, muka shige abinmu. Wallahi ni da na ji ana cewa tsohon gari, na ɗauka bango huɗu ne da kabari biyu. Ashe gari ne sosai daji ya haɗiye. Saiwoyi sun kama bango kamar yatsu, birai suna zaune a kan katanga suna kallonmu. Muka tsaya muka ajiye kaya.

Famau ya ce, "Kuka za mu fara nema."

Na ce, "Ga ta nan."

"Alhamdu lillahi."

"Ga wata kuma can. Ga ta uku a bayanka, Nahoza, ta ma fi su girma."

Rijiya kuwa kusan kowane gida da tasa, sai da na kusa faɗawa ɗaya. Ƙofofi ba a magana, wasu a tsaye su kaɗai, ba ɗaki a gaba ba ɗaki a baya. Kuma kowane bango ka duba yana da giɓi. Muka fara gwadawa. Mu ɗaga dutsen mu kai bakin rami, ya yi masa yawa. Mu kai wani, ya shige har ya yi sako-sako. Akwai inda ya zauna daram, har Famau ya ɗaga hannu zai yi fatiha, sai na ga zanen igiyar yana kallon sama, na maƙwabtansa kuma ganye ne. Ya ce ko mu juya shi. Muka juya, ya ƙi shiga.

A nan ne kuma Famau ya yi abin da sai ɗan teku zai yi. Na ce masa mun taɓa wuce ƙofar nan, ya ce ƙarya nake. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya juya kunci yana sauraren iska, ya ce tunda muka shigo tana bugun kuncinsa na hagu, saboda haka arewa tana can, mu bi nan. To iskar teku mai gaskiya ce, in ta ce arewa, arewa ce har wata ya mutu. Iskar cikin kango kuwa kewaya bango take yi, ta fito maka ta inda ta ga dama. Mutumin da ke kai jirgi har tsibirin Unguja ba tare da ya tambayi kowa hanya ba, shi ne ya yi ta kewaya da ni gida ɗaya. Na gane haka ne da na sake ganin ɓawon mangwaron da na yar.

Na ce, "Nahoza, ga ɓawona."

Ya ce, "Na biri ne."

"Biri ne ya fere shi da wuƙa?"

Ya zauna a kan wani dakali, gumi yana zuba, ya dafe kai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da guguwa ta karya mana itacen tsakiyar jirgi. Tausayinsa ya kama ni, na daina tsokana.

Ya ce, "Kombo, kabari ne ko gida ne ko masallaci? Ko wannan ban tambaye ta ba."

Rana ta karkata, ga teku ba ta jiran kowa. In cikar yamma ta wuce mu, jirgi zai kwanta a taɓo da kayan mutane. Famau ya ce mu koma da dutsen, wata tafiyar ya tambayi tsofaffi ya dawo. Muka saɓa gora, muka bi kukan wani zakara har muka ga bukkar nan. Yanzu kam a buɗe take, ga wani dattijo siriri zaune yana gyaran takalmi. Charo sunansa, shi ne mai gadin wurin. Ya dube mu, ya dubi buhu, ya miƙe.

Ya ce, "Sannunku da aiki. Me aka samo?"

Famau ya ce, "Dutsena ne, Dattijo."

"Naka? Madalla. Kai ka gina garin ke nan."

"A'a, ba nawa ba ne. Na nan ne."

"To ajiye."

"Ai kawo shi na yi."

"Kawo shi ka yi, shi ya sa kake fita da shi?"

Famau ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Gaskiya ko ni ne alƙali sai na ɗaure mu. Na sa baki na fara bayani, na faro daga jaki, na koma kan romon kifi, na ƙara dagula zancen. Charo ya kwance buhun da kansa. Ya shafa dutsen, ya kai yatsa bakinsa, ya tofar.

Ya ce, "Gishiri. Wannan ya daɗe a ruwa. Ku biyo ni."

Ya kai mu bayan bukka. Tsibi ne guda na fararen duwatsu, manya da ƙanana, wasu da zane, wasu da rubutun Larabci da ya goge. Ya ce duk dawo da su aka yi. Wani kakar wanda ya kawo shi ta daɗe tana niƙa a kansa, wani dokin ƙofa aka yi da shi, amma yawancin masu dawo da su 'yan jirgi ne irinmu. Kowa kuma da kwatancen da ya zo da shi.

Ya ce, "Bari in faɗa maka naka. Kusa da kuka, gefen rijiya."

Famau ya ce, "Da ƙofa."

"Da ƙofa, ai na manta. Ɗan'uwa, ni ma ban san gurbin ko ɗaya ba. Wataƙila bangon da ubanka ya ciro shi ya daɗe da zubewa. Sa shi a nan cikin 'yan'uwansa."

"Gurbinsa ta ce. Ta ce kada in jefar."

"Ni dai abin da na sani, dutse yana shigowa, ba ya fita. In na bar ka ka fita da shi, gobe me zan ce wa mai fita da na sata?"

Famau ya sunkuya ya ɗauki dutsen shi kaɗai, ya ɗora a gefen tsibin, ya gyara masa zama, ya sake gyarawa. Muka yi wa Inna Somoe addu'a, muka kama hanya da gora ba komai.

Daga ranar tuƙinsa ya canja. Ba wai ya manta teku ba. Amma duk sanda iska ta taso ya jingina da sandar, sai ka ga ƙafar damansa tana lalube a banza, ya yi taga-taga. Muka sa masa kututture, ya ce yana zamewa. Muka hauro da ɗaya daga baƙaƙen duwatsun, ya ce sanyi gare shi. Rannan har ya goga jirgi a kan yashi a mashigar da ya sani kamar tafin hannunsa, samarin tasha suna ihu suna cewa Nahoza ya tsufa. Ya ji su, bai ɗaga kai ba, ni ne na rama masa da ludayi a hannu.

Da shekara ta kewayo muka sake ratsa tashar nan, ya ce zai je ya duba dutsen. Ban jira ya ambaci ƙanwata ba, na bi shi. Damina ta riga ta wuce ta kan tsibin, gansakuka ta rufe komai, an kuma ƙara wasu a kai. Duk sun koma kore, kamarsu ɗaya. Famau ya ce wannan ne, ya kankare, ba shi ba. Ya ce to wancan. Charo ya nuna wani, ni na nuna wani, muka yi ta musu kamar masu rabon gado.

Sai Famau ya ce mu yi shiru. Ya tuɓe takalmin dama, ya dafa kafaɗata, ya fara taka su ɗaya bayan ɗaya. Ya taka wannan ya wuce, ya taka wancan ya wuce. Can ƙasa-ƙasa, wajen gefe, na ji hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata. Diddigensa ya faɗa cikin kwarmin nan, ya zauna cif. Jikinsa ya miƙe, tangaɗin ya tsaya, karo na farko da na ga Famau ya tsaya daidai a tudu.

Ya ce, "Dattijo, ba yadda za a yi in koma da shi?"

Charo ya girgiza kai. Ya ce, "Ko na yarda, ita mahaifiyar taka fa?"

Famau bai sauke ƙafar ba. Hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Ya juyo gare ni, ni mai tukunya, kamar ni ne zan sani.

Ya ce, "Kombo, don Allah gaya mini gaskiya. Mayar da shi na yi, ko yar da shi na yi?"

Yau shekarunsa da rasuwa sun yi nisa, kuma har yanzu in na wuce tashar nan ina jin nauyin hannunsa a kafaɗata, ban kuma samo masa amsa ba.