Dunduniyar da ta sa na shiga maƙabarta da takalmi

Assalamu alaikum, mutanen wannan zaure. Sunana Mati, a Gagarawa Tasha nake. Ban iya rubutu ba, 'yata Hajara ke danna wayar ina faɗa. Shekaru da yawa ban ba kowa labarin nan ba. Yau zan faɗa, don na ji wani a nan yana tambayar wanzamin da zai yi masa lalas a dunduniya.

Kada ka je. Ni na je.

Aikina tun ina saurayi maƙabarta ne. Ba haƙa nake yi ba, nuni nake yi. Kaburburanmu ba su da alama, yashi ne, damina biyu ta shafe su. Idan an yi rasuwa ni ke shiga gaba in ce wa mahaƙa nan akwai mutum, nan babu. A wurin mahaifina na gada. Kuma a garinmu ba a shiga wurin da takalmi, a bakin shinge ake tuɓewa.

Ciwon ya fara bayan an ba mu jihar Jigawa da 'yan shekaru. Da asuba in na sauke ƙafar dama, sai in ji kamar ƙusa na taka. In na ɗan yi tafiya ya lafa, in na zauna na tashi ya dawo.

Na ce ƙaya ce. Matata Ladi ta tona da allura, ba ta ga komai ba. Wasu suka ce sammu na taka, wasu suka ce makwantai ne suka kama ni. Na ce mutanen da nake tsare wa makwanci, me zai sa su kama ni?

Ranar kasuwar Maigatari na je wurin wanzami. Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, mutum biyu suka danne ni. Ban yi kuka ba, amma na ji ƙaurin naman jikina.

Wurin ya ruɓe. Ƙafa ta kumbura har idon sawu, zazzaɓi ya kwantar da ni. A lokacin na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka yanke ta za a yi.

Ina kwance aka yi rasuwa. Mahaƙa suka shiga ba ni, suka sa diga inda bai kamata ba, suka taɓa kabarin wata baiwar Allah da ta daɗe da rasuwa. Suka mayar da ƙasa. Da labari ya iso min, na ce Ladi ta nemo mota.

A asibitin Gumel wata ma'aikaciya, Madam Rifkatu, 'yar Filato, ta buɗe tsumman ta dube ni.

"Baba, kai da kanka ka kai ƙafarka aka gasa?"

"Da kuɗina ma."

"To sannu da ƙoƙari. Kwanta."

Kullum wankin ciwo da allura. Da gyambon ya rufe, ƙusar nan tana nan. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji. Suka tura ni Kano, ɓangaren gashin ƙashi. Ragon layyarmu ne ya tafi a kuɗin mota da magani.

A can suka fito da wata na'ura, lesa suke ce mata. Suka sa min baƙin tabarau, suka ɗora wani abu kamar biro a dunduniya, yana fitar da jan haske. Na jira zafi, shiru.

Na ce wa saurayin da ke riƙe da abin, "Ɗana, ka kunna kuwa?"

Ya ce, "Har mun kusa gamawa, Baba."

Na ce wutar gaske ma ba ta iya ba, balle wannan ta wasan yara. Amma na ci gaba da zuwa, don in ga ƙarshen ƙaryarsu. Suka koya min jan yatsun ƙafa da rawani kafin in sauko daga gado, da murza kwalba a tafin ƙafa. Sannan saurayin nan ya kafa min doka: ban da tafiya ba takalmi, ko'ina ne.

Na ce har maƙabarta? Ya ce har can.

A hankali asuba ta daina ba ni tsoro. Hasken ne, rawanin ne, ko takalmin ne, ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Tare na yi su.

Rasuwar farko bayan na miƙe, na zo sanye da takalmin kambas, na cusa soson katifa a ciki. Kowa ya tuɓe a bakin shinge, ni na wuce. Sule, abokin wasana, ya ɗaga murya.

"Mati, ƙwallo za ka buga mana?"

Wani dattijo ya ce, "Malam Mati, wannan rashin ladabi ne ga na kwance."

Na juyo na ce, "Ladabin da kuka yi musu ran nan da diga fa? Duk wanda zai iya nuna min inda uwarsa take ba tare da ni ba, ya zo ya cire min takalmin."

Ba wanda ya motsa. Liman ya ce lalura ce, a bar ni, a yi abin da ya kawo mu.

Na gode wa Allah. Na gode wa Ladi, Allah ya ji ƙanta, ita ta sha warin ƙafar nan. Madam Rifkatu, in kina raye, Allah ya saka.

Kai mai neman wanzami, je asibiti tun ƙafar tana da fatarta. Ka tambaye su komai, har abin da hasken ba zai iya ba. Ka sa takalmi mai laushi, ka ja jijiyar kafin ka taka ƙasa da safe.

Masu magana kuma har yau suna yi. Idan an yi rasuwa, ƙofata suke bugawa, su tsaya in ɗaura igiyar takalmina.