Sistar da Ba Ta Tambayar “Yaya Jiki?”

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, aikin Sista a sashen masu ciwon daji bai wuce allura da gyaran gado da bin likita a baya ba. Ba mai neman ra'ayinta, ita ma ba ta tofa nata. Yau kuwa majinyata goma sha ɗaya ne a wuyanta, tun daga ranar da aka faɗa musu sunan ciwon. Ita ke zaunar da iyali ta yi musu bayani, ita ke lalubo jijiyar da magani bai ƙona ba. Likita da kansa yakan ce, “Sista, me kika gani?”

Abin al'ajabi a aikinta shi ne wayar kwana bakwai. Mako guda bayan ƙarin ruwan maganin daji garkuwar jiki ke faɗuwa, ɗan zazzaɓi ma sai ya tafi da mutum. Shi ya sa take kiran kowa ranar. Amma ba ta tambayar “yaya jiki?”, don mutane da kunya, ko rai na fita “da sauƙi” za su ce.

Wata safiya ta kira wani dattijon tela.

“Baba, riga nawa ka ɗinka jiya?”

“Jiya dai na huta, 'yata.”

Hutu? Mutumin da ko ana masa ƙarin ruwa maɓalli yake ɗorawa?

“Ba ni Mama.” Matarsa ta karɓa. “Mama, me ya rufa da shi?”

“Bargo biyu. Sanyi ne kawai, ya ce kar a dame ki.”

“Ku taso yanzu. Ko wanka kar ya tsaya yi.”

Kafin su iso ta tanadi gado da magani, ta tare likita a bakin ƙofa. Da sakamakon jini ya fito, likita ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce da an kai yamma, da sai dai haƙuri.

Kwana huɗu tela bai san inda kansa yake ba. A na biyar ya buɗe ido, ya ƙura wa hannun rigarta kallo.

“Wane mugun ne ya yi miki wannan ɗinki? Ki kawo in gyara.”

Matarsa ta fashe da kuka. Sista ta ce za ta ɗauko auduga, ta shige ɗakin ajiya ta rufe ƙofa, ta yi nata.