Ranar da Iska ta Yi Min Lauya

Shekarun baya, saura ƙiris in rasa gurbin karatuna a Port Sudan saboda wata magana da ba wanda ya tambaye ni.

Na samu gurbin karatun ilimin teku, an ba ni mako biyu in je ko a ba wani. Mahaifina ya riga ya amince. Da na ja bakina na yi shiru, da shi ke nan. Amma ina, sai da na nuna ni ɗan jami'a ne. Muna shan shayi a gidanmu na Wad Haddad na ɗauko waya, na nuna masa taswira mai ja da shuɗi. Na ce taurarin ɗan'adam ke auna tsayin teku daga sama, kuma ruwan yana ƙaruwa amma ba daidai ba: wani yankin ya fi wani tashi.

Ya aje kofi. "Wato ruwa na da tudu?"

"Kusan haka, Baba."

"Tun ba a haife ka ba nake ba hawasha ruwa," in ji shi, yana nufin gonarmu ta auduga. "Ruwa kwance yake. Makarantar da ke koyar da ƙarya ba ka zuwa. Halas, magana ta ƙare."

Wallahi na zaci wasa yake. Kwana tara ina bayani. Na ce zafi na kumbura ruwa, na ce ƙanƙara na narkewa, na ce igiyoyin teku na tura shi gefe. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Tauraron ya taɓa riƙe fartanya?" Mahaifiyata ta ce in ce na yi kuskure kawai a wuce wurin. Na ƙi, don taurin kan nan a wurinsa na gada. Takaici ya hana ni cin abinci.

Rana ta goma aka tashi da iska mai ƙarfi, tana bin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke ratsa gonakinmu. Mahaifina ya ce in ɗauko shebur mu je can ƙarshenta, za ta yi ambaliya. Na dubi ruwan da ke gabanmu, bai ma kai baki ba.

"Baba, ai ruwan ya yi ƙasa."

"A nan ya yi ƙasa. Iska ta kwashe shi ta tara a can. Wannan ma sai an gaya maka?"

Na tsaya da shebur a kafaɗa. "To ba ga tudun ba, Baba? Abin da nake faɗa ke nan kwana tara."

Ya dube ni, ya dubi ruwan. Can ya ce, "Me ya hana ka ce iska? Kana ta tauraro, tauraro." Muka je muka tare ruwan. A hanyar dawowa ya ce in haɗa kayana.

Har yau abin na ba ni haushi. Na koyi cewa in za ka yi wa mutum bayani, ka fara daga ruwan da ya sani. Amma bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. In aka tambaye shi aikina, cewa yake: "Sun harba ƙarfe sama suna neman abin da na sani, shi ne na ba su aron ɗana."